Guntun notin da ya karya ƙafar ɗan yayata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu sana'ar acaba, musamman mu da muke neman abinci a nan Legas, a kan wani ɗan ƙarfe da tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Na san wani zai ce, duk abin da ya dabaibaye mu, ga tsadar fetur, ga kamen babura, sai maganar noti ce ta tsaya mini a rai? To, notin nan ne ya kwantar da ɗan yayata sati goma sha ɗaya da ƙafa a ɗaure, kuma babur ɗin da ya faɗi da shi nawa ne. Shi ya sa na kasa yin shiru.

Ni mutumin ƙasar Gumel ne, amma tun 2010 nake Agege. A kan idona aka yi dokar hanya ta 2012 wadda ta hana babura bin hanyoyi 475. A kan idona aka taƙaita mu a Fabrairun 2020, sannan ranar 1 ga Yunin 2022 aka hana acaba ɗungurungum a Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island da Lagos Mainland, watan Satumba kuma aka ƙara da Mushin da Oshodi-Isolo da Shomolu da Kosofe. Ba ƙorafin doka ya kawo ni ba. Abin da nake so a lura da shi shi ne, wanda ya rage a sana'ar nan yanzu aikinsa ya koma lunguna, cikin Agege da Alimosho da Ifako-Ijaiye, inda babur ke wuni yana faɗawa rami yana fita, da damina kuma ruwa ya kai har gindin injin. Jijjigar da babur ke sha a wuni ɗaya yanzu ta fi ta da nesa ba kusa ba, kuma jijjiga ita ce abokiyar gabar duk wani abu da aka ɗaure da noti.

Ga wanda bai san babur ba, gad shi ne lanƙwasasshen bututun ƙarfen nan da ke gaban injin, wanda ya fito dama da hagu kamar ƙaho. Aikinsa ɗaya ne. Idan babur ya kife, shi zai fara taɓa ƙasa, ya tokare, ya bar 'yar rata tsakanin injin da kwalta, don kada nauyin babur ya sauka a ƙwaurin mutum. A nawa, ƙirar Bajaj Boxer, wuri biyu aka kama shi: sama a jikin firam, ƙarƙashin tanki, sai ƙasa a gaban injin. Notin ƙasan nan ne ya yi ta karye mini. Kuma idan na ce noti, namijin nake nufi, dogon mai kai da zare, ba macen da ake ɗaura masa ba.

Karon farko da daminar bara ne. Na ji wani ƙas-ƙas yana tashi daga ƙasa idan na shiga gargada, na tsaya na duba, sai na ga kan notin ya tafi. Na ce ai ramuka ne. Yaron gareji ya fitar da guntun ya wurga a kwata, ya ɗebo wani daga cikin tiren da ake zuba tarkace, ya ɗaura, na biya na tafi. Bai cika sati shida ba ya sake karyewa. Wannan karon laifin yaron na gani, na ce bai ɗaure da kyau ba. Na tsaya a kansa na ce ya ɗaure sosai, har ya zura bututu a hannun sifana ya danna da ƙarfinsa duka, ni kuwa hankalina ya kwanta. Yanzu na san wannan umarnin nawa yana cikin abin da ya jawo na uku.

Ɗan yayata, yaro ne ɗan shekara 22, muna karɓa-karɓa da shi, ni safe shi yamma. Ranar an yi yayyafi, yana tafe a hankali wajen Oko-Oba, mai keke ya yanko masa, ya taka birki, tayar gaba ta zame. Faɗuwa ce irin wadda kowannenmu ya yi ta sau da yawa ya tashi ya kaɗe wando. Amma da gad ɗin ya taɓa ƙasa, maimakon ya tokare sai ya nannaɗe ya koma baya, babur ya kwanta a kan ƙafarsa ta dama. Ƙwauri ya karye, bututun salansa kuma ya ƙone masa fata kafin mutane su ɗaga. Da yayata ta kira daga gida tana kuka, ban san abin da zan ce mata ba, don ni na karɓo yaron daga hannunta da alkawarin zan kula da shi.

Washegari da na je ɗauko babur, sai na ga rabin notin, ɓangaren mai kai, yana maƙale a kunnen gad ɗin. Na zare shi na sa a aljihu. Mahaifina maƙeri ne, Allah ya jiƙansa. Idan manomi ya dawo masa da fartanya ko gatari a karye yana faɗa, ba ya tanka masa sai ya ɗaga ƙarfen ya duba bakin karayar tukuna, daga nan zai faɗa masa ko laifin maƙera ne ko dutse ya sara. Sau biyu ina barin a jefar da guntun a kwata ban tuna da wannan ba. Sai da ƙafa ta karye na tuna.

Akwai wani dattijo da ke da ɗan shago kusa da layin dogo, Baba muke ce masa. A ƙuruciyarsa ya yi aiki a kamfanin haɗa motocin Peugeot na Kaduna, daga baya rayuwa ta kawo shi Legas. Ba ya sauri, shi ya sa matasa ba sa son kai masa aiki. Na miƙa masa guntun. Bai goge shi ba, bai wanke da fetur ba, sai ya sa tabarau ya fito da shi rana yana juyawa.

Ya ce, "Ɗana, yaushe ya karye?"

Na ce, "Shekaranjiya, Baba."

Ya girgiza kai. "Shekaranjiya ya ƙarasa dai. Matso ka gani."

Edita, abin da na gani shi nake so kowane mai babur ya sani. Bakin karayar fuska biyu gare shi. Fiye da rabinsa sumul yake, baƙi-baƙi, tsatsa ta ci shi, kuma akwai wasu siraran layuka a lanƙwashe, ɗaya bayan ɗaya, kamar sawun da ruwa ke bari a yashin bakin kogi idan yana janyewa. Dukansu sun taso ne daga wuri ɗaya, daga gindin wani zare a gefe. Ragowar kuwa, ɗan yanki mai siffar jinjirin wata, fari ne tas yana ƙyalli, da kaushi kamar an fasa ƙanƙarar sukari. Baba ya ɗora farcensa a kan baƙin ya ce wannan tsohuwar tsaga ce, ta yi makonni tana tafiya. Tsatsar kwana biyu ja ce, a sama take, yatsa ma na share ta. Wannan kuwa ta shiga jiki. Ya matsar da farcen kan farin ya ce, "Wannan ɗan yankin kaɗai ke riƙe da gad ɗinka ranar da yaron ya faɗi."

Ya ɗauko guntun waya ya lanƙwasa gaba, ya lanƙwasa baya, ya yi ta yi har ta tsinke a hannunsa. Ya ce haka ƙarfe ke gajiya. Ba bugu ɗaya ke karya shi ba, lanƙwasa ce 'yar mitsitsiya wadda ido ba ya gani, sau dubbai a wuni. Injin mai silinda ɗaya kuwa, irin namu, duk bugawar fistin sai ta girgiza firam. Tsagar takan fara a gindin zare saboda nan ne ƙarfen ya fi siranta kuma nan ne kusurwa mai kaifi take, galibi daidai zaren farko da ya shiga cikin mace, ko kuma a wuya, ƙarƙashin kai.

Daga nan ya jawo wani tsohon gwangwanin madara cike da karyayyun notuna da ya daɗe yana tarawa, ya zazzage a kan benci. Ashe kowace karaya da kamarta. Ya nuna mini wanda ɗauri ya kashe: bakinsa a murɗe yake kamar an juya tuwo, kusa da karayar ya rame ya yi wuya, zaren ya buɗe. Ya ce idan kana shakkar noti ya miƙe, ka ɗaura masa mace da hannu, za ta tafi lafiya lau sai ta iso inda ya miƙe ta cije. Ya nuna mini wanda haɗari ya yanke: fuskar a goge take tana sheƙi, ƙarfen ya kwanta gefe guda kamar an yanka sabulu da wuƙa, jikin ya ɗan lanƙwashe, babu ɗigon tsohuwar tsatsa. Irin wannan, in ji shi, ba shi da laifi, ya yi iya ƙarfinsa. Akwai kuma wanda ya fashe fal kamar tangaran, fuskar duka tsaki-tsaki, bai miƙe ba bai lanƙwashe ba, wannan ƙarfen ne ya yi tauri fiye da kima ko aka yi masa mugun haɗi. Sai wanda tsatsa ta cinye wa ƙugu a inda ruwa ke kwanciya. A garin da iskarsa ke ɗauke da laima da gishirin teku, irin wannan ba ya wuya.

Na ce to Baba, tunda gajiya ce, sai mu sa sabo. Ya ce, "Sau biyu kana sa sabo." Ya ce notin da ya zauna daidai kuma ya matse abin da aka ba shi ya matse, jijjiga ba ta cika samun sa ba, domin ƙarafan da ya haɗa sun zama kamar abu ɗaya. Sai an sami motsi a tsakani sannan yake fara shan wahala. Ruwa ba ya tsami banza. Muka koma kan babur ɗin.

Abu na farko da ya nuna mini, wani jan gari ne kamar garin barkono a kewayen ramin kunnen gad. Na sha ganinsa, na ɗauka ƙura ce. Ashe ƙarfe ne ke goga ƙarfe yana niƙewa. Ramin kansa ya daina zama zagaye, ya yi tsawo kamar ƙwai. Wato gad ɗin ya daɗe yana rawa.

Sai ya kwance notin sama, ya riƙe gad ɗin a mazauninsa da hannu, ya ce in leƙa. Ramin kunnen da ramin jikin babur ba su haɗu ba, sun saɓa da kusan faɗin ɗan yatsa. Nan na tuna, shekara biyu da suka wuce na taɓa faɗuwa gad ɗin ya lanƙwashe, na kai wa mai walda ya gasa shi ya miƙar da guduma. A ido ya miƙe. Amma tun daga ranar, duk sanda za a ɗaura shi sai an sa ƙarfe an banƙara kafin noti ya shiga. Ma'ana tun babur bai motsa ba notin yana cikin ja, gad ɗin na neman komawa inda ya saba, dare da rana.

Abu na uku shi ya fi ba ni takaici, don ƙanƙanta gare shi. Tsakanin kunnen gad da jikin babur akwai rata, kuma a cikin ratar nan ya kamata a ce akwai wani ɗan guntun bututu, bushin, wanda noti ke ratsawa ta cikinsa. Babu shi. Ga dukkan alamu tun gyaran farko ya faɗi ba wanda ya kula. Idan babu bushin, noti ba shi da abin da zai matse, yana rataye ne a sarari kamar gada ba ginshiƙi, duk nauyin da ya taɓa gad sai ya lanƙwasa shi. Kuma nauyi na taɓa shi, don ni da kaina na sha rataya jarkar lita 25 a jiki idan an ba ni aiken mai ko ruwa, ban da sarƙar kulle da ke reto a wurin kullum. Da yawanmu ma a kansa muke miƙe ƙafa idan gwiwa ta gaji.

Sannan ya juya kan notin ya ce in karanta abin da ke rubuce. Babu komai, kan a shafe yake. Ya ɗauko wani daga aljihun rigarsa, a kansa an buga 8.8. Shekara goma sha biyar ina kan babur ban taɓa sanin lambar nan magana take yi ba. Lambar farko tana nuna ƙarfin jan da ƙarfen zai iya ɗauka kafin ya tsinke, ta biyun tana nuna inda zai fara miƙewa ya ƙi komawa. Noti mai kaurin milimita 8 mai lamba 8.8 yakan ɗauki jan kusan tan 3. Mai kauri iri ɗaya, tsawo iri ɗaya, amma mai lamba 4.6, rabin haka yake ɗauka. A tire ɗaya ake zuba su, a ido ba ka bambance su, kuma bambancin kuɗinsu bai kai abin da fasinja ɗaya zai ba ka daga Pen Cinema zuwa kasuwar Agege ba. Wanda ba shi da lamba kuwa, ka ɗauke shi a mafi rauni. To irin wannan ne na sa aka danna wa bututu a sifana. Ya riga ya miƙe tun a gareji, ƙarfin matsewarsa ya tafi, ni kuma ina murna an ɗaure.

Na tambaye shi ko in nemi wanda ya fi kowanne ƙarfi, 12.9, ko farin nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa. Ya ce kada in ruɗu da ƙyalli. Farin da aka fi samu, mai alamar A2-70, bai kai 8.8 ƙarfi ba, yana saurin miƙewa, kuma yana da halin cijewa a zare. Shi kuma 12.9 tauri gare shi, ba ya son tsatsa ba ya son lanƙwasa, idan zai tafi ba ya sallama. Ga aikin gad, 8.8 na gaske ya wadatar, in an matsa 10.9. Na ce masa na ji wasu na cewa gara notin ya zama mai rauni don ya karye ya ceci firam. Ya ce shi bai yarda ba, ni ma yanzu ban yarda ba. Abin da ya kamata ya lanƙwashe ya shanye bugu shi ne bututun gad ɗin, shi ne mai araha, don haka aka yi shi. Idan noti ya saki, gad ya tashi daga kariya ya koma makami, ga shi nan mun gani a ƙafar yaro.

Wani kuskuren da muke yi wajen saye: mukan ce a ba mu noti lamba 12 ko lamba 14, alhali wannan lambar sifana ce, ba kaurin noti ba. Mai kaurin milimita 8 wani sifana 12 ke kama shi, wani 13. Mai milimita 10 akwai na 14, akwai na 17. Kuma mai milimita 10 ɗin nan zarensa iri biyu ne a kasuwa, mai faɗi da mai ƙanƙanta, idan aka tura wanda ba nasa ba zai shiga zagaye biyu ko uku ya cije, yaro ya ɗauka ɗauri ne ya ci gaba da dannawa har zaren ya lalace. Tsawo ma haka. Idan ramin mai ƙarshe ne kuma notin ya fi shi tsawo, zai tokare a ƙasa, sifana ta yi nauyi kamar ya ɗauru, alhali bai matse komai ba. Baba sai da ya zura tsinken waya ya auna zurfin ramin kafin ya aike ni kasuwa, kuma ya ce in tafi da tsohon a hannu.

Fitar da ragowar da ta karye a ciki ta ɗauke mu kwana guda, don ya ƙi yarda a sa cizal da guduma. Ya ɗiga mata mai ya bar ta ta kwana. Da safe ya cire wayar batir da ta akwatin wuta, ya sauke tanki ya kai shi nesa, ya ɗora washa a bakin guntun, ya ɗora mace a kai, mai walda ya cika tsakiyar. Ya jira ta huce, don zafin da hucewar su ke sassauta tsatsa. Sannan ya kama da sifana, ya ɗan ja baya, ya ɗan ja gaba, a hankali, har ta taho. Ya ce diril shi ne dabara ta ƙarshe, domin idan ya kauce daga tsakiya zaren jikin babur zai ci, kuma nan ne ƙaramin gyara ke zama babba. Kafin ya mayar da komai sai da ya wanke wurin ya duba firam da kunnuwan da ke riƙe injin da tocila, ko tsaga ta kama su. Alhamdu lillahi ba ta kama ba.

Tsohon gad ɗin bai koma ba, sabo na saya, tare da bushin ɗinsa. Yadda ya ɗaura shi ma darasi ne. Ya sa dukkan notunan da yatsu tukuna, kowanne ya shiga ba tare da an banƙara komai ba, ya bar su sako-sako har gad ya sami mazauninsa, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ya ɗiga shuɗin gam ɗin zare. Ƙarshe ya ɗauko wata doguwar sifana mai awo a jiki, wadda ke yin ƙas idan ɗauri ya kai. Mai milimita 8 ya tsayar da shi wajen 25 a ma'aunin, mai milimita 10 kusan ninki biyu. Na yi mamakin yadda 25 ɗin nan ba ta da yawa, hannu ɗaya ya ishe ta. Daga nan ya ja layin farin fenti daga kan notin zuwa jikin gad, ya ce duk safiya in kalla, ranar da layin ya rabu biyu noti ya juya. Ya ce kuma in dawo bayan sati, saboda fentin sabon gad yakan murƙushe a ƙarƙashin washa ɗauri ya ragu. Na koma, kuma ya ragu ɗin, ya ƙara. Yau wata bakwai ke nan, damina guda ta wuce a kansa, layin bai motsa ba.

Tun daga lokacin idona ya buɗe a tasharmu. Ina bin baburan abokai ina kama gad ina girgizawa. Abin da na gani ya tayar mini da hankali: wani da waya aka ɗaure shi, wani da tsohuwar robar tib, wani an liƙe shi da walda kai tsaye a jikin firam, har kan notin an narka, alhali wuta tana kashe ƙarfin noti. Da na yi wa wani ƙanena magana sai ya ce, "Yaya, abin da Allah ya rubuta ba makawa." Gaskiya ne, na yi imani da ƙaddara, kuma da ita na rarrashi yayata. Amma malamanmu sun koya mana cewa ɗaure raƙumi ba ya kore tawakkali. Kama gad ka girgiza da safe kafin ka tayar da injin bai kai minti ɗaya ba.

Ina kira ga makanikai, musamman masu yara a ƙarƙashinsu, su daina jefar da karyayyen noti kafin su duba shi, su kuma nuna wa mai babur. Idan abu ya karye sau biyu a wuri ɗaya, ba sabon noti yake nema ba, tambaya yake nema. Masu sayar da kayan gyara, daga manyan dilolin kasuwar Ladipo ta Legas da na garin Nnewi har mai ɗan tebur a bakin titi, ku raba mana masu lamba da marasa lamba, ku faɗa mana gaskiyar kowanne, wanda ya zaɓi mai araha ya zaɓa da saninsa. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ina roƙon ta sa ido a kan ƙananan kaya irin waɗannan, domin buga 8.8 a kan ƙarfen banza ba wuya ba ne, mu kuma ba mu da na'urar gwadawa. Jami'an kiyaye haɗurra sun yi ƙoƙari a kan hular kwano tun Janairun 2009, kuma hular tana ceton rai. Ina fata idan suna wayar da kai a tashoshi su riƙa haɗawa da maganar ƙafa, don duk wanda ya taɓa zuwa dubiya asibitin ƙashi na Igbobi ya san abin da babur ke yi wa ƙafafu.

Babban roƙona kuwa ga shugabannin tashoshinmu ne. Kullum muna yankar tikiti. A cire wani abu daga ciki a sayi sifana mai awo guda ɗaya a kowace tasha, a ajiye ta a hannun amintaccen makanike, a sa rana ɗaya a wata da kowa zai kawo babur a bi notunan gad da na injin da na tayoyi. Na kai wannan shawara a tasharmu, an ce za a duba, ina nan ina bibiya.

Yaron ya fara takawa, da sanda tukuna, yanzu ba sanda, sai ɗan ɗingishi idan an yi sanyi. Ya ce zai koma kan babur bayan Sallah, uwarsa ta ce ya dawo gida ya kama noma, har yanzu ba a yanke ba. Na haɗo da hoton bakin karayar a cikin wannan wasiƙa, ɗan maƙwabcina ya ɗauka da wayarsa a rana, ana ganin baƙin da farin sosai. Idan da hali, Edita, a buga shi da girma yadda layukan za su fito. Guntun kansa yana aljihun rigata, duk wanda ya same ni a tasha zan nuna masa.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan acaba,
Agege, Legas.